Tokar Baba Genzo a Rumfar Jirage

Filin jirgi na Bakin Kogi, watan Afrilu

Goggo Kikuyo,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya ƙugun naki? An ce can arewa har yanzu ƙanƙara ba ta gama narkewa ba. Mu nan furanni sun zube, har na fara yankan ciyawa. Ki gaishe mini da Yaya Mitsue da yaranta. Ni lafiya lau nake, kuma aikin da Yaya Katsuhiko ya samo mini a filin nan ina riƙe da shi hannu biyu: in yanke ciyawa, in zuba wa jirage mai, in turo su waje, in mayar.

Kin san ban yi nisa a makaranta ba, ki yi haƙuri da rubutun. Abin da na gani ne ya sa na ɗauki biro.

Shekaranjiya da safe na shiga rumfar jirage neman tsumma. Kowane mai jirgi yana da kabad ɗinsa na ƙarfe a jikin bango. Na Yaya Katsuhiko ƙofarsa ba ta rufuwa sosai, sai na ja. A can ƙasa, tsakanin galan ɗin baƙin mai da wani tsohon takalmi, na ga kwali. A cikin kwalin akwai farin ƙunshin takarda, an rubuta sunan Baba Genzo a jiki. Rubutunki ne, na san shi daga katin sabuwar shekara.

Ni dai abin da na sani, tun lokacin kaka da aka ƙona gawar Baba aka niƙa ƙasusuwan, kin damƙa wa Yaya tokar kafin ki koma arewa, don ya tashi da ita a jirginsa ya sake ta a tekun Oshiba, inda Baba ya yi kamun kifi duk rayuwarsa. Kuma na ji an ce an yi. To ga shi a kabad.

Ban yi wa Yaya maganar ba. Ba na son shiga tsakanin uwa da ɗanta.

Naki,
Norifumi

*

Asahikawa, watan Mayu

Nori, ɗana,

Takardarka ta iso. Ƙugu yana nan yadda ka san shi, in na zauna ya ƙi, in na tashi ya ƙi. Mitsue na gaishe ka. Ka riƙa sa hula in za ka shiga rana.

Sau biyu na karanta abin da ka rubuta, na farko da faɗuwar gaba, na biyu da hawaye. Kai yaro ne, shi ya sa ka tsorata. Ba ka san mutane kan ɗebi kaɗan daga tokar iyayensu su ajiye kusa da su ba? Katsuhiko ya kira ni ranar da ya saki mahaifinsa. Ya ce teku lumui, rana tana faɗuwa, har muryarsa na rawa. Ashe ya rage kaɗan ya ajiye a inda ya fi so a duniya, kusa da jirginsa, bai gaya mini ba don kunya. Haka yake tun yana ƙarami, abin da ke ransa ba ya fitowa ta baki.

Sau ɗaya tak ya ɗauki mahaifinsa a jirgin nan. Genzo ya dawo yana ba da labari har maƙwabta suka gaji. Wai shekara da shekaru yana bin ruwan nan bai san kamarsa ba sai ranar. Ya ce da ni, "Kikuyo, in na mutu kada a sa ni a rami. Yaron nan ya kai ni can sama ya sake ni, in ƙara ganinsa sau ɗaya." To ka ga ɗa ya cika wa ubansa.

Abu ɗaya zan roƙe ka. Ba a ajiye mutum kusa da takalmi. Ka ɗaga shi sama kaɗan, ka ajiye masa lemo ɗaya da ɗan shayi. Kada ka ce ni na sa ka. Kuma ka daina buɗe kabad ɗin mutane.

Goggonka

*

Bakin Kogi, ƙarshen Mayu

Goggo,

Ina gaisuwa. Na ji daɗi da ƙugun bai ƙara tsanani ba. Hula na saya. Lemo da shayi kuma na ajiye, kamar yadda kika ce.

Sai dai ba ki fahimce ni ba, laifin rubutuna ne. Goggo, ba kaɗan ba ne. Na ɗauka da hannu biyu, nauyin jariri gare shi, kuma bakin ƙunshin yana nan a liƙe yadda kika liƙe shi. Da na ɗaga shi, sai na ga wasu biyu a ƙarƙashi. Ɗaya na wata tsohuwa, ɗaya na wani mutum. Ban san su ba.

Bari in gaya miki yadda abin yake a nan, don ke daga nesa kina jin an ce ɗanki yana da jirgi. Jirgin mutum biyar ne suka haɗa kuɗi suka mallake shi, kujera huɗu gare shi, kuma ya girme ni. Ko ya tashi ko bai tashi ba yana ci: kuɗin rumfa, kuɗin inshora, ga bakanike da ke kwance shi duk shekara. In kuma aka tayar da injin, akwai wani ɗan agogo a gaban matuƙi da ke fara juyawa, abin da ya nuna shi mutum zai biya. Ɗaya daga cikin masu jirgin, Dakta Hagiwara, likitan haƙori ne, shi duk mako yake tashi, ya je tsibiri ya ci taliya kwano ɗaya ya dawo. Akwai wani tsoho da ya yi fansho daga gidan waya, ya bar sigari ya bar giya, yana tashi sau ɗaya a wata, ya zaga kogi ya sauka yana murmushi kamar ango. Shi kuwa Yaya, tun kafin rasuwar Baba ban ga tayar jirgin nan ta bar ƙasa da shi a ciki ba. Ni nake zuba mai, da ya tashi da na sani.

Amma duk Lahadi yana nan. Ya sa rigar fatar nan tasa, ya maƙala tabarau, ya wanke jirgi, ya shiga ya zauna yana taɓe-taɓe. Daga nan ya fito ya sha kofi da mutane. Makon jiya Dakta ya ce masa, "Kaftin, yau ma a ƙasa za a yi shawagin?"

Yaya ya dubi sama, babu ko gajimare ɗaya, ya ce, "Iskar nan ban yarda da ita ba."

Dakta ya ce, "Ai iskar aljihu ce, ita ta fi kowace kayar da jirgi." Kowa ya yi dariya, har da shi.

Da aka watse na tare shi a bayan rumfa. Na ce, "Yaya, na ga Baba a kabad."

Bai ko razana ba. Ya ce, "Nori, ka san abin da jirgin nan ke sha kafin ya kai Oshiba ya dawo? Ba a yi wa mutum ɗaya wannan tafiya. In sun cika huɗu, tafiyar ta biya kanta. Saura ɗaya."

Ashe abin da yake yi ke nan. Mutane su kawo mamacinsu, su ba shi abin da suke kira gudummawar mai, shi kuma ya zuba a kason da ake binsa na jirgi don kada a cire sunansa. Sannan ƙungiyar nan tana da doka, wanda ya daɗe bai tashi ba ba ya tayar da jirgi sai malamar tuƙi ta hau da shi ta gwada hannunsa, ita ma biyanta ake yi. Wannan ma gudunsa yake yi.

Na ce, "Goggo fa an ce mata an yi."

Ya ce, "Za a yi ai. Baba ya saba jira, masunci ne. Kai dai ka kula da ciyawarka."

Goggo, ubansa ne yake jira kujera ta cika, kamar motar haya a tasha. Tun ranar ba na iya kallon rigar fatar nan.

Norifumi

*

Bakin Kogi, ƙarshen Yuni

Goggo,

Ina fata lafiya. Shirun ya yi yawa. In takardata ta ɓata miki rai, ki zage ni a rubuce, ya fi mini wannan.

Damina ta kankama, rufin rumfar yana yoyo ta gefen kabad. Kin tuna takardar da ake ƙunshe toka da ita irin wadda ke narkewa ce da ta taɓa ruwa, don kada ta ɓata teku. To laima kaɗai ta ishe ta. Jiya na taɓa ƙunshin Baba na ji ya yi laushi kamar dafaffen ganye, na tsohuwar kuma ya fara tsagewa a gefe. Na kwashe su duka uku na kai ɗakina, na sa a saman durowa inda ba danshi. Na gaya wa Yaya. Cewa ya yi, "Madalla, dama wurin ya yi mini kaɗan."

Dakta Hagiwara ya ji labarin, ya ce shi zai kai su kyauta ran da zai je cin taliyarsa. Yaya ya ƙi. Wai ubansa ne, ba mai sakinsa sai shi, kuma me mutane za su ce.

Ina jiran maganarki.

Norifumi

*

Asahikawa, watan Yuli

Nori,

Ba fushi ba ne. Faɗuwa na yi a bayi, aka kwantar da ni a asibiti, Mitsue kuma ta ɓoye takardunka sai da na dawo gida. Yanzu da sauƙi, ina takawa da sanda.

Da na karanta cewa ka kwashe Genzo ka kai ɗakinka, raina ya ɓaci. Na ce wa ya ba yaron nan izinin raba uba da ɗansa? Sai da Mitsue ta sake karanta mini a hankali, tun daga ta farko, sannan na gane daga ruwa ka tserar da shi.

Na kira Katsuhiko. Da farko ya ce kai mai yankan ciyawa ne, ba ka san komai game da jirgi ba. Na ce ban tambaye shi jirgi ba, ubansa na tambaye shi, yana teku ko yana kan durowa? Ya yi shiru har na zaci wayar ta yanke. Ni na haife shi, na san shirunsa.

Na ce masa bikin Obon na tafe, kowa zai kunna wa mamatansa fitila su zo gida su koma. Ni in kunna wa Genzo daga ina zai taso? Ya yi alkawari kafin bikin zai tashi. Abin biyan malamar tuƙin na sa Mitsue ta aika masa.

Kai kuma ga aikinka. Ka shiga jirgin nan tare da shi. Ƙafata ba za ta kai ni ba, kai ne idona. Abin da ka gani shi za ka rubuto, kada ka sa masa sukari.

Goggonka

*

Asahikawa, watan Agusta

Nori,

Lafiya kuwa? Katsuhiko ya kira ya ce an yi, wai komai ya tafi daidai, har tsuntsayen teku sun bi su. Na kunna fitila na yi kukana. Amma haka ya faɗa mini wancan karon ma, har da faɗuwar rana. Kai nake jira, kai kuma ka yi gum. Obon ya zo ya wuce. Ko ba ka shiga jirgin ba ne? Ko shi ya hana ka rubutu? Ka amsa mini ko da layi biyu ne.

Goggonka

*

Bakin Kogi, farkon Satumba

Goggo,

Ina gaishe ki, ina kuma yi miki sannu da jiki. Ki lallaɓa da sandar nan. Lafiyata ƙalau. Ba wanda ya hana ni rubutu, ni ne na rasa ta inda zan fara, kuma ban so in rubuto ba sai ina da ƙarshen maganar a hannu.

Na shiga jirgin. Da safe ne, sama tas. Yaya yana hagu, malamar tuƙi tana dama. Sunanta Malama Chizuru, dattijuwa ce, ba ta da yawan magana. Ni ina baya da kwali a cinya. Yaya ya haɗa gwajinsa da kai su Baba a tashi ɗaya, don kada ya biya sau biyu.

Tun a ƙasa Malama ta ce, "Ina bututun?" Akwai wani bututu da ake ɗaurawa a taga don toka ta fita ta ƙarƙashin jirgi, haya ake ɗaukarsa.

Yaya ya ce, "Malama, ƙunshi ne fa, ba gari ba. Jefawa kawai za a yi."

Ta ce, "To ɗaya bayan ɗaya, kuma sai na karɓi tuƙi na rage gudu."

Muka tashi. Ba zan ɓoye miki ba, akwai kyau. Na ga abin da Baba ya gani. Amma Yaya ba teku yake kallo ba, ɗan agogon nan yake kallo. Muna fita bakin ruwa, Oshiba tana can gaba kamar ɗan baƙin dutse, sai ya ce, "Nan ma ai teku ne. Miƙo su."

Na ce, "Yaya, ba mu kai ba."

Ya ce, "Ruwa ɗaya ne, Nori. Kai za ka biya sauran?"

Ya juyo ya fizge kwalin. Malama ta ce, "Dakata, Katsuhiko," tana kai hannu ga sitiyari. Bai dakata ba. Ya tura taga, ya rungumo su duka uku ya cusa a lokaci ɗaya. Takardar da ta sha laima ta yage a hannunsa.

Goggo, iskar tagar jirgi ba fitar da abu take yi ba, dawo da shi take yi. Kaɗan ne ya fita. Sauran ya cika jirgin kamar hayaƙi. Ya shiga idona, ya shiga hancina, na ji shi a haƙorana. Yaya ya saki komai yana tari yana tofar da yawu. Malama ce ta rufe tagar, ta juyo da mu, ta sauke mu.

Da muka tsaya, Dakta Hagiwara yana jira, shi ne zai karɓi jirgin bayanmu. Ya leƙa ya ja da baya. Ya ce, "Kaftin, me zan gani haka? A kan wa zan zauna?"

Yaya ya sauko fari fat, yana kakkaɓe rigar fatarsa da bayan hannu. Ubansa yake kakkaɓewa, Goggo, abin da ya dame shi kuma kada ya shiga ɗinkin rigar. Ya ce da Dakta, "Minti kaɗan, kada ka gaya wa sauran, za su ce sai an kira masu wanki." Ya ruga rumfa ya jawo injin zuƙe ƙura, wanda nake share ƙasa da shi, ya hau zuƙe kujeru.

Yana cikin yi ya ɗago kai ya ce, "Malama, gwajin fa? Na ci? Tashin ai ya yi kyau."

Ta ce, "Ka goge fuskarka. Akwai mutane a kai."

Da ya gama ya ciro jakar injin ya nufi kwandon shara. A nan na sha gabansa. Ban taɓa ɗaga masa murya ba, ranar ma ban ɗaga ba, na dai riƙe jakar na ƙi saki. Ya ce, "Ka tuna wanda ya samo maka aikin nan." Na ce na tuna. Ya saki, ya tafi wanke kai. Kiran da ya yi miki, daga nan bakin famfo ya yi shi, ina ji.

Ba yadda za a raba su, Goggo. Baba da tsohuwar da ɗayan mutumin sun zama ɗaya, har da ƙurar rumfa da 'ya'yan ciyawa. Malama ta matsa wa Yaya ya ba ta lambobin wayar dangin mamatan, ita ta kira su ta gaya musu gaskiya. Dangin mutumin suka ce ba sa son ƙara jin komai, a yi abin da ya dace. 'Yar tsohuwar kuwa ta ce za ta zo.

Sai da na jira ranar hutuna. Na shiga jirgin ƙasa zuwa Oshiba da jakar a cikin sabon farin ƙyalle. Na nemi tsoho Toraichi, abokin kamun kifin Baba, na gaya masa komai ban rage ba. Ya tofar da yawu gefe, ya ce, "Ɗan banza." Sannan ya dubi ƙyallen ya ce, "Genzo bai taɓa hana kowa shiga kwalekwalensa ba. Su taho tare."

Ya kai mu har bayan baƙin dutsen, inda ya ce nan suke zuba taru. Ya kashe injin, ya juya kwalekwalen iska ta koma bayanmu. Na durƙusa na kai bakin jakar dab da ruwa, na zuba a hankali. Ba ko ƙwaya da ta dawo. Ba daga sama ba ne kamar yadda Baba ya so, wannan ban iya masa ba. Amma yana Oshiba.

Aikina yana nan tukuna. Yaya kuma Lahadin da ta wuce ya zo da rigarsa, an wanke ta.

Naki,
Norifumi

Na san zai ce miki mai yankan ciyawa ne ya ƙirƙira. Abin da ya faru a sama, Malama Chizuru tana zaune a damansa. Na bakin kwandon shara, a gaban Dakta Hagiwara aka yi. Na teku kuma, tsoho Toraichi yana riƙe da kwalekwale, 'yar tsohuwar nan, Fusae, tana riƙe da gefen rigata don kada in faɗa.